Gurbin Tashi da Sakamakon Tsere a Gasar Formula 1

Kafin mu auna abin da sakamakon neman gurbi ke nunawa, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Da “neman gurbi” muna nufin gwajin da ake yi kafin ranar tsere, galibi Asabar, inda kowane direba ke ƙoƙarin kammala zagaye ɗaya cikin mafi ƙarancin lokaci. “Gurbin farko” kuwa shi ne matsayin gaba a sahun tashi, wanda mai lokaci mafi kyau ke samu. Tun shekarar 2006 aka kasa gwajin zango uku, ana sallamar mafiya jinkiri a zangon farko da na biyu, goma su fafata a na ƙarshe.

Abin lura shi ne gwajin da tseren ba abu ɗaya suke aunawa ba. A neman gurbi mota tana ɗauke da mai kaɗan da sababbin tayoyi masu laushi, ana nemanta da gudu tsagwaronsa. A tsere, wanda ya kai kimanin kilomita 305 a yawancin filaye, tana tashi da nauyin mai, tayoyi suna lalacewa, dabarar lokacin canza su kuma tana iya ɗaga direba ko ta kayar da shi.

Daga nan muke karkasa filaye gida biyu. Na farko su ne matsattsu, inda wuce abokin takara ke da wuya. A Monako, mai tsawon kilomita 3.337, a 2024 Charles Leclerc ya tashi daga gurbin farko ya ci, direbobi goman farko kuma suka gama bisa jerin da suka tashi. Na biyu su ne masu dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, irin su Spa a Beljiyam, inda Max Verstappen ya lashe tseren 2022 daga gurbi na 14, bayan an hukunta shi saboda sauya kayan inji.

Sai ruwan sama, wanda ke rushe wannan rabe-rabe. A Monako ɗin dai, a 1996, Olivier Panis ya ci daga gurbi na 14, motoci uku kacal suna kan hanya a ƙarshe.

Saboda haka muke ganin sai an haɗa sakamakon Asabar da yanayin fili, da juriyar taya, da hasashen ruwa, kafin a gina tsammani a kansa.