Motar hannu: a saya a wurin masu fakin motoci ko a hannun mai ita?

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A yankinmu galibinsu ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Tema da Duwala suke shigowa.

Mai fakin motoci, irin na Sekandji da Ekpe a gefen Kwatano, yana da mazauni da rajistar kasuwanci, yana kuma ba da rasiɗi. In matsala ta taso, an san inda za a same shi. Sai dai kuɗinsa ya fi yawa, domin ya ɗora hayar fili da ribarsa, ga la'adar dillali. Garanti kuwa, in ba a rubuce yake ba, babu shi. Kada kuma ƙyallin fenti ya ruɗe ka: akwai motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci su a Amurka, aka gyara su bayan an sauke.

A hannun mai ita an fi samun sauƙi, ana kuma iya jin tarihin motar daga bakinsa. Haɗarin yana cikin takardu. Sunan da ke kan takardar mallaka, wadda ake kira carte grise, dole ya zo daidai da na katin shaidar mai sayarwa. In ya ce ta wansa ce, sai ya kawo takardar wakilci. A nemi takardar duwan, da shaidar cewa ba a jinginar da motar a banki ba, a rubuta takardar ciniki, hukuma ta buga mata hatimi. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a duba ta a jikin ƙarfen motar, a gwada da ta takarda.

Ga mazauna bakin iyaka, nan ne aka fi asara. Motar da aka biya wa duwan a Nijar ko Benin ba ta zama 'yar gida a Kamaru ko Chadi ba; izinin shiga na wucin gadi kawai take samu, in ya ƙare ana iya kama ta. Tun 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokin ƙasa, Kodebuwa kuma tun 2018 ba ta karɓar ƙaramar motar gida da ta haura shekara 5. Inshorar tsallaka iyaka ma iri biyu ce: kati mai ruwan ƙasa a ƙasashen CEDEAO, mai ruwan hoda a na CEMAC.

Ko ina za ka saya, ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da injin da safe yana sanyi, a lura da kalar hayaƙi, sannan a hau da ita hanya mai gargada kafin a fara maganar kuɗi.