Hukuncin ci gaba da gyaran haƙoran yaro bayan gyaran farko

Tambaya: Malam, an yi wa 'yata gyaran haƙora tana shekara 8 saboda muƙamuƙinta na sama ya matse. Yanzu ta kai 13, likita ya ce sai an sa mata waya. Kakarta ta ce wannan canza halittar Allah ne, tunda an riga an yi magani sau ɗaya. Shin in ci gaba ko in bari?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ka sani, ɗan'uwa, gyaran farko ba ya cika rufe aikin. Ana yin sa ne a lokacin famfara, wajen shekara 7 zuwa 10, domin a buɗa muƙamuƙi ko a tanadar wa haƙoran da ke tafe wuri. Haƙoran yarinta 20 ne, na girma kuwa 32, kuma yawancinsu ba sa gama fitowa sai wajen shekara 12 ko 13. A nan ne ake ganin ko sun jeru ko sun hau kan juna. Saboda haka waya ta biyu cikon maganin farko ce.

Game da hukunci, abin da ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, shi ne tsinuwa ga mata masu goge haƙora su ƙirƙiri wushirya don neman kyau. Imam Nawawi ya bayyana cewa sharaɗin neman kyau yana nuna idan don magani ne ko kawar da aibi, babu laifi. Haka nan Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Arfaja ɗan As'ad ya sa hancin zinariya bayan an yanke nasa a yaƙi. Don haka idan haƙoran 'yarka sun cunkushe, ko sun turo har leɓe ba ya rufuwa, ko suna hana ta tauna ko fitar da harufa daidai, gyara su halal ne, ko da zai kai ga cire wani haƙori bisa shawarar ƙwararren likita. Amma lafiyayyun haƙora a liƙa musu waya don yayi kawai, wannan a nisance shi.

Idan ka fara, ka kula da waɗannan:

1. Waya takan ɗauki shekara 1 zuwa 2, wani lokaci fiye, ana komawa asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8. Ka lissafa kuɗi da zirga-zirga tun farko, domin yankewa a tsakiya kan jawo asarar dukiya da wahalar yarinya.

2. Bayan cire waya ana ba da abin riƙe haƙora, yawanci ana sa shi da dare. In aka yi sakaci da shi, haƙora sukan karkata su nufi inda suka fito.

3. Abinci yana maƙalewa a waya, ya jawo ruɓewa da kumburin dasashi. Ta riƙa gogewa da buroshi bayan cin abinci, ta yi asuwaki a hankali, ta bar shan rake da tauna ƙashi da alewa mai danƙo.

4. Waya ba ta ɓata alwala ko wankan ibada. Kurkurar baki yadda aka saba ta wadatar.

5. Ɗaure waya da rana ba ya karya azumi muddin ba a haɗiye komai ba, amma jinkirtawa zuwa bayan shan ruwa ya fi in da hali.

6. Ka nema mata likita mace. In babu, namiji ya halatta ba tare da keɓewa ba.

Ka yi wa kakarta bayani da ladabi da taushin harshe, domin tsoron saɓa wa Allah ne ya sa ta magana. 'Ya'ya amana ne, kuma kula da lafiyarsu yana cikin haƙƙinsu a kanka.

Allah ne mafi sani.