'Yan daudu a finafinan Hausa

'Yan daudu, wato maza masu kwaikwayon magana da ɗabi'un mata, sun daɗe suna fitowa a finafinan Kannywood, galibi a matsayin masu ba da dariya. An fi nuna su a gidajen tuwo da wuraren biki, suna girki, suna rangwaɗa, suna zuba habaici da karin magana. Fim ɗin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Ibro Ɗan Daudu na 2002, wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya ja ragamarsa. Masani Rudolf Gaudio ya yi nazarin fim ɗin a littafinsa Allah Made Us na 2009.

Finafinan Hausa ba sa nuna soyayyar jinsi ɗaya a fili, saɓanin wasu na kudancin Najeriya, irin na Babatunde Apalowo da ya ci kyautar Teddy a bikin finafinai na Berlin a 2023. A ɓangaren sa ido kan finafinai kuwa, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2024, ƙarƙashin jagorancin Abba El-Mustapha, hukumar ta haramta finafinan da ke nuna daudu da daba.