Gyaɗar Ungogo: Ta Fita a Buhu, Ta Dawo a Leda

Tun kafin zuwan Turawa gonakin Ungogo ba su san hutu ba. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, don haka gona guda ake nomawa kowace damina. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a karkarar da ta kewaye birnin Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangalar taki. Gero da dawa da wake duk a gona ɗaya ake shuka su, kuma da abin da ya shiga rumbu ake auna ƙarfin gida.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka nemi haraji da kuɗinsu. Layin dogo ya iso a 1911. Su auduga suka sa wa rai, amma manomin Kano ya yi lissafinsa ya zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, ƙasar jigawa na karɓarta, harawarta kuma abincin dabba ce. Ba a daɗe ba ruwa ya ɗauke a daminar 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta yi tsanani a 1914. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewa, ya nuna cewa fari ba shi kaɗai ya yi ɓarnar ba: haraji da bashi sun riga sun rarake rumbuna.

Daga nan gyaɗa ta zama amfanin biyan haraji. Ana sayar da ita da kaka, su Alhassan Ɗantata su saya, a jera buhuna dala-dala a Kano, jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Muna yawan tuna dalar gyaɗa da alfahari, ba mu cika tambayar abin da yaron manomin ya sha ba.

Yaron da aka yaye, ko ake shirin yayewa, cikinsa ƙarami ne. Kokon gero mai ruwa-ruwa yana cika shi tun bai samu abin da zai gina jiki ba. Abin da ke ba koko ƙarfi shi ne mai da abinci mai gina jiki, wato ainihin abin da ke cikin gyaɗa. Ba a ce ba a cin ta a gida ba. Mata na yin kunun gyaɗa, suna matse mai, suna toya ƙuli-ƙuli. Sai dai yawancinsa na talla ne, kuma kafin watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi da gudawa suka yi yawa, gyaɗar ta daɗe da barin gidan.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka rushe dalar. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma sai wata matsalar ta taso: birni ya miƙe, gonakin Bachirawa da Rijiyar Zaki suka koma fuloti. Gidan da ya saba buɗe rumbu ya koma awo a kasuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, suka sa mata suna Plumpy'Nut. Ba ta bukatar ruwa ko dahuwa, uwa na iya ba ɗanta a gida. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ceci dubban yara da ita a Maraɗi, Najeriya kuma ta fara irin wannan shiri a 2009. Yau a cibiyar kula da masu tamowa ana zagaya damtsen yaro da abin awo. In ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5, sai a ƙirga wa uwarsa ledojin da za su kai shi mako mai zuwa, kowace giram 92.