Kalmar da Aka Ƙi Fassarawa

Wanda ya tashi yana jin "baftisma" a majami'a zai ɗauka 'yar gida ce. Baƙuwa ce daga Girkanci, ta kusa shekara dubu biyu tana shiga harshe bayan harshe ba ta tuɓe rigarta ba. A bakin Girkawan da, ma'anarta tsoma abu ko nutsar da shi a ruwa, har jirgin da ya nutse ma da ita ake ba da labarinsa. 'Yar'uwarta ta kusa kuwa ita marinansu ke faɗa in sun tsoma zane a rini.

Masu juya Sabon Alkawari zuwa Latinanci sun bar ta yadda suka same ta, Jerome ma da ya gyara aikinsu a ƙarshen ƙarni na 4 bai taɓa ta ba. William Tyndale ya shigo da ita cikin Sabon Alkawarinsa na Turanci a 1526, fassarar Sarki James ta 1611 ta bi sahu, domin an umarci masu aikin kada su canza tsofaffin kalmomin ikilisiya. Babu wanda abin ya dama. A Yammacin Turai jarirai ake yi wa baftisma, galibi da ɗan ruwa a ka, kalmar da ba a fassara ba kuwa ba ta yi wa kowa gardama.

Su kansu 'yan Baptis, ɗarikar da aka sani da nutsarwa, ba da ita suka fara ba. John Smyth, Baturen Ingila da ya yi gudun hijira zuwa Amsterdam, zuba ruwa ya yi wa kansa da mabiyansa a 1609. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne wa ya cancanta, babba da ya ba da gaskiya da bakinsa ko jariri. Sai wajen 1641 wasu ikilisiyoyin Landan suka koma tsoma mutum dungurungum, suka rubuta hakan cikin bayanin bangaskiyarsu na 1644. Daga nan ruwa mai zurfi ya zama tambarinsu. Wanda ya shiga majami'arsu ba zai tarar da mutum-mutumin waliyyai ba: mumbari ne a tsakiya da buɗaɗɗen Littafi a kai, a bayansa ko ƙarƙashin dandamali kuma kwarmin wanka, wanda suke kallo a matsayin kabarin da ake binne tsohuwar rayuwa a fito da sabuwa.

Rigima kan kalmar ta ɓarke ne a Indiya. William Carey, ɗan Baptis mai ɗinkin takalma da ya koya wa kansa harsuna, ya sauka Bengal a 1793, ya buga Sabon Alkawari da Bengalanci a Serampore a 1801. Shi da abokan aikinsa ba su ga dalilin miƙa wa mutumin ƙauyen Bengal kalmar Girkanci ba, sai suka sa wadda ke nufin nutsarwa. Adoniram Judson ma haka ya yi a fassararsa ta harshen Bama da ya kammala a 1834. Labarinsa da ban sha'awa: ba ɗan Baptis ba ne da ya bar Amurka a 1812, nazarin wannan kalma da ya soma a cikin jirgi ne ya juya shi, aka nutsar da shi a Kalkata a shekarar.

To, buga littafi sai da kuɗi, kuɗin kuma na gayya ne. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1804, Anglikan da Methodis da Baptis duk suna zuba mata. 'Yan mishan na sauran ɗariku suka kai ƙara cewa da kuɗinsu ake buga littafin da ke nuna wa sababbin tuba cewa baftismarsu ba baftisma ba ce. Ƙungiyar ta janye tallafi daga fassarar Bengalanci da ɗan mishan na Baptis William Yates ya gyara. Takwararta ta Amurka ta yanke irin wannan hukunci a 1836. 'Yan Baptis suka yi fushi, suka kafa nasu ƙungiyoyin, ɗaya a Amurka nan take, ɗaya a Landan a 1840.

A ganina kowane ɓangare na da abin kamawa. Mafassarin da ya san ma'anar kalma ya ɓoye ta don kada mai ba da kuɗi ya ɓata rai, ya ci amanar mai karatu. Amma kalma ma tana tsufa, kuma wadda aka yi ƙarnuka ana kiran ibada da ita ta wuce ma'anarta ta bakin rijiya. Masu zafin ra'ayi sun gane haka da suka kafa American Bible Union a 1850 don gyara Turancin kansa. Sabon Alkawarinsu ya fito da Yahaya a matsayin "mai nutsarwa", amma yawancin majami'un Baptis suka riƙe na Sarki James abinsu. Ina jin ma sun lura cewa in aka bi ta haka, sunan ɗarikar ma sai an fassara shi.

A wannan shekara ta 1850 Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan na Baptis daga Amurka, ya iso ƙasar Yarabawa. Aikin fassara zuwa Hausa kuwa wasu hannaye ne suka ɗauke shi: J. F. Schön na mishan ɗin Anglikan ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857, Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, kuma ƙungiyar nan ta Birtaniya ce ta buga shi. Don haka faston Baptis a Kaduna ko Jos yakan buɗe Littafi ya karanta labarin Yahaya Maibaftisma da kalmar Girkawa, sannan ya rufe, ya shiga ruwa har ƙugu ya nuna wa jama'a fassarar da hannunsa.