Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Tarihin Hanjin Mai Gudu da Ruwan Gishiri da Sukari

Mai karatu, in kana Haɗejiya ko kewayenta a daminar 2021, ba sai na tuna maka da abin da amai da gudawa ya yi ba. A waccan shekarar hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ni ma na kwanta. Kwana huɗu na yi ana mini ƙarin ruwa, na fito wandona yana zamewa.

Kafin nan, al'adata ce in fita gudu bayan sallar asuba, in bi turbar gonakin shinkafa har inda ƙasa ta fara danshi, in juyo. Mu kan yi tsere ni da abokai a kan waɗannan hanyoyi, kilomita goma ko sha biyar, kyautar ba ta wuce wanda ya zo ƙarshe ya sayi shayi. Sati uku da sallamata na ce ai na warke, na ɗaura takalmi. Ban kai kilomita uku ba cikina ya murɗa, na tsuguna a bayan kachala ina haki. Numfashina lafiya, ƙafata lafiya. Hanji ne ya ce bai shirya ba.

Wannan tsugunnon ne ya sa na shiga bin tarihin abin, sai na tarar masu gudu da masu kwalara sun daɗe suna fama da matsala guda, kowa a ɓangarensa, kuma amsar ta fito ne daga ƙofa ɗaya a bangon hanji.

Bari mu fara da gasar Olamfik ta 1904 a birnin St. Louis na Amurka. Ranar 30 ga Agusta, da ƙarfe uku na rana, zafi ya kai maki 32, mutum 32 suka tashi gudun fanfalaki a kan hanyar ƙasa mai ƙura, motoci na gaba da baya suna ƙara tayar da ita. Shugaban shirya gasar, James Sullivan, yana son ganin yadda jiki ke jure ƙishirwa, don haka da gangan aka taƙaita wuraren shan ruwa. Mutum 14 ne kawai suka kai ƙarshe. William Garcia ya haɗiyi ƙura har cikinsa ya fara zubar da jini, a gefen hanya aka tsince shi. Wani ma'aikacin gidan waya ɗan Kuba, Félix Carvajal, an ce ya ratsa wani lambu ya ci tufa da ta lalace, ciki ya murɗe shi, ya ɗan kwanta, ya tashi, kuma duk da haka ya zo na huɗu. Wanda ya ci gasar kuwa, Thomas Hicks, da ya roƙi ruwa sai masu kula da shi suka ba shi farin ƙwai da barasa da ɗan sitiriknin, wato gubar da ake kashe ɓera da ita. A wancan zamanin maganin ƙarin kuzari suka ɗauke ta.

Kar ka yi musu dariya da yawa. Tunanin cewa shan ruwa a tsakiyar gudu ragwanci ne ya daɗe ƙwarai, har dokokin gasa sun hana ba da abin sha kafin a ci kilomita 15, sai daga baya aka sassauta. Kuma akwai abin da ya sa suka yi wannan zaton: duk wanda ya taɓa cika ciki da ruwa ya tashi a guje ya san yadda yake kaɗawa kamar tulu a kan jaki. Derek Clayton na Ostireliya, wanda ya kafa tarihin duniya a Antwerp a 1969, ya ba da labarin cewa bayan gasar ya yi ta fitsarin jini da baƙar gudawa.

Me ke faruwa a ciki? Idan kana gudu da ƙarfi, jiki yana janye jini daga hanji ya tura wa tsokar ƙafa da fata, don motsi da sanyaya jiki. A gudu mai tsanani cikin zafi, jinin da ke zuwa hanji kan ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Fatar cikin hanji kuwa shimfiɗar ƙwayoyin halitta ce sahu ɗaya tak, ta fi takarda siranta, kuma in ta rasa jini sai ta fara yoyo. Ƙara da jijjigar kowane taku. Shi ya sa a gasar Western States ta Kalifoniya, mai tsawon kilomita 161 a kan duwatsu, wani bincike ya samu fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu gudun sun yi fama da ciki. Ita wannan gasar ma asalinta tseren dawaki ce, sai a 1974 wani mai suna Gordy Ainsleigh ya shiga cikin mahaya da ƙafa, ya gama cikin ƙasa da awa 24. Da na karanta wannan sai na tuna zagagen sarakunanmu da ke sassarfa a gaban doki.

To, wannan hanji mai lafiya ke nan. Yanzu ka kwatanta da wanda ciwo ya gama wankewa.

A 1924 wasu likitoci a Boston suka auna jinin waɗanda suka gama gudun fanfalaki, suka ga waɗanda suka fi galabaita sukarin jininsu ya faɗi. Da shekara ta zagayo aka ba su alewa a hanya, suka fi kyan gani a ƙarshe. An gane sukari na da amfani, amma ba a san yadda hanji ke shigar da shi ba. Wannan sai a 1960, a wani taro a Prague, inda masanin sinadaran jiki Robert Crane ya kawo bayanin da ya warware ƙullin. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa wadda ba ta buɗewa sai sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya zo tare da gulukos. In suka zo tare sai su shige, ruwa kuma ya bi bayansu. Ka ɗauke ta kamar mai gadin da ya ce ba mai shiga shi kaɗai, sai da abokin tafiya.

Ga inda abin ya haɗu da kwalara. Kullum ruwa kusan lita takwas zuwa tara ne ke ratsa hanjinka, abin da ka sha bai wuce lita biyu a ciki ba, sauran yawu ne da ruwan narkar da abinci. Hanji ke tsotse kusan duka ya mayar wa jini. Dafin ƙwayar kwalara yana sa ƙwayoyin hanji su riƙa tuttuɗo da gishiri da ruwa, har babban mutum ya iya rasa lita guda a awa ɗaya. Amma dafin bai taɓa waccan ƙofar ta Crane ba. Tana nan tana aiki ko a tsakiyar ciwon. A 1968 a Dhaka, David Nalin da Richard Cash suka nuna cewa ruwan gishiri da gulukos da ake sha ta baki yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ƙwarai da gaske.

Gwajin gaske ya zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash. 'Yan gudun hijira sun cika sansanin Bangaon a Indiya, damina ta sauka, kwalara ta ɓarke, ruwan jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya yi abin da manyan likitocin lokacin ba su yarda da shi ba. Ya sa aka dama gishiri da gulukos da bakin-soda a cikin durom, ya miƙa wa 'yan uwan marasa lafiya kofuna ya ce su yi ta ba su. Cikin mutum sama da 3,000 da aka kula da su haka, mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A 1978 mujallar The Lancet ta ce mai yiwuwa wannan ne ci gaban likitanci mafi muhimmanci a ƙarnin. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida a Bangaladash tana koya wa iyaye mata haɗin da ɗan gishiri a yatsu uku da dunƙulen wani sukarin rake mai kama da mazarƙwailarmu. A 1980 gudawa na kashe yara kusan miliyan 4.6 a shekara a duniya. Yau adadin ya sauko zuwa wajen rabin miliyan.

A daidai lokacin da Mahalanabis ke dama durom ɗinsa, ita wannan annobar, wadda ta taso daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta riga ta iso Afirka ta Yamma ta Gini a 1970, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarar. A 1971 an ƙirga sama da mutum 22,000 da suka kamu a ƙasar nan. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, adadin ya haura 59,000, sama da 7,000 suka rasu. Tsakanin waɗannan shekarun ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage sai ruwan gishiri da sukari ya shiga kowane gida ta rediyo da ƙananan asibitoci. In mahaifiyarka ta iya haɗa shi da ka, akwai yiwuwar daga can ta samo.

Mu a nan fadama, ruwan da ke ciyar da mu shi ne ke kawo ciwon. Kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza. Kachala ta toshe hanyoyinsa, sai ya nemi wasu. Idan ya yi ambaliya a Agusta da Satumba ta Auyo, Kafin Hausa, Guri ko Kirikasamma, yana cika masai ya kuma cika rijiya, ba ya bambantawa. Mai gudun da ya tsaya ya kurɓi ruwan rijiyar bakin gona a watan Satumba caca yake yi da cikinsa.

Su ma masu wasanni sun ci gajiyar ƙofar Crane. A 1965 Robert Cade na Jami'ar Florida ya haɗa abin shan da ya zama Gatorade. Daga nan kuma aka zarce, aka koma cewa a sha ruwa iya iyawa, har Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya ba da rahoto a 1985 kan masu gudun da yawan shan zallan ruwa ya tsinka gishirin jininsu. A gasar Boston ta 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna sun gama da ƙarancin sodiyam. Abin lura a nan: abin shan 'yan wasa da lemon kwalba sukarinsu ya yi yawa, gishirinsu ya yi kaɗan, ba maganin gudawa ba ne. Lemon kwalba ma yana iya janyo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara ta. Haɗin gida da aka amince da shi shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata mai santilita 50, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tsiri ba. In akwai ƙunshin ORS na kemis, ya fi, don yana da fotasiyam.

Kuskurena na sati uku kuwa, ga bayaninsa. Fatar hanji tana sabunta kanta cikin kwana uku zuwa biyar, amma sinadaran narkar da abinci da ƙwayoyin cuta masu amfani da ke zaune a ciki sun fi haka jinkirin dawowa, balle in an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ke narkar da sukarin madara yana can a saman tsinin gashin hanji, shi ciwo ke fara sharewa. Ni kuma shayi mai kaurin madara na sha kafin in fita. Nono mai tsami ya fi sauƙi, don tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Mutane ma sun bambanta tun asali: binciken Norman Kretchmer da abokansa a Najeriya a 1971 ya nuna Fulani makiyaya sun fi sauran ƙabilun da aka gwada iya narkar da ɗanyar madara. Sannan kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi gudawar ƙwayar cuta kan ci gaba da fama da ciki mai saurin tashi na tsawon watanni, ko da cutar ta tafi.

Kuskure na biyu da na ga abokaina suna yi shi ne haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin tsere don ciwon gwiwa. Wani bincike a Holan a 2012 ya nuna ibuprofen na ƙara raunin da motsa jiki ke yi wa hanji. Paula Radcliffe ta Ingila, mai riƙe da tarihin duniya a lokacin, ta tsaya a wajen kilomita 36 a Olamfik ta Atina a 2004, kuma ta danganta abin da magungunan kumburi da ta sha don rauni a ƙafa, waɗanda suka tayar mata da ciki. Ba a yi wata uku ba ta ci gasar New York. A Landan a 2005 ciki ya sake tsayar da ita a gefen titi a gaban kyamara, ta tashi ta ci gasar.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne hanji ma yana karɓar horo kamar tsoka. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna a 2017 cewa sati biyu na saba wa ciki da cin abu kaɗan-kaɗan a tsakiyar gudu yana rage murɗawar sosai. Haka na yi a karo na biyu. Na jira har cin abincina da bayan gidana suka daidaita, fitsari ya yi haske. Na yi sati guda ina tafiya kawai, sannan sassarfa ta minti 20 kafin rana ta ɗaga, ina kurɓar farau-farau mai ɗan gishiri da na dama da tafasasshen ruwa. In da na ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya dawo, ko nauyina ya ci gaba da raguwa, asibiti zan koma. Wanda kuma ya yi taifot, likitansa ne zai ce masa yaushe, don ita tana iya raunata bangon hanji har ya huje.

Sai a watan Disamba, da hunturu ya shigo, ruwa ya janye, aka fara dashen rani, na sake shiga tserenmu na kilomita goma. Na zo na ƙarshe cikin mu shida. Ni na sayi shayin, nawa babu madara.