Kumburin Makula Bayan Aikin Yanar Ido: Sababinsa da Mas'alar Maganinsa

Masana ilmin ɗibbu sun yi ittifaƙi a kan cewa, daga cikin ayyukan fiɗa da ake yi wa ɗan Adam a wannan zamani, kaɗan ne suka kai aikin cire yanar ido yawa da saurin bayyanar fa'ida, domin dattijon da aka kawo jiya ana riƙe masa sanda, yau da an kwance masa bandeji sai ya shaida fuskokin jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai akwai wata illa mai bin bayan wannan aiki, wadda ba ta bayyana ranar da aka yi shi, ba ta bayyana kashegari, sai ta dakata an gama barka da arziki an watse, sa'an nan bayan mako 4 zuwa 6 mutum ya ga ganin da ya samu ya soma dushewa daga tsakiya, rubutu ya hautsine masa, miƙaƙƙen layi ya karkace, alhali kuwa idon ba ya ciwo, kuma wanda ya dube shi daga waje ba zai ga wani aibi ba. Wannan ita ce illar da likitoci ke kira kumburin makula mai aljifan ruwa, ko kuma cutar Irvine da Gass. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne, jinkirin zuwanta ya fi tsananinta hatsari, kuma hukuncin da ake yanke wa aikin ido ranar kwance bandeji hukunci ne da aka yi kafin shaidu su cika.

A can bangon baya na ƙwayar ido akwai tantanin gani, wanda haske ke sauka a kansa, a tsakiyarsa kuwa akwai wani ɗan fili da faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba, shi ne makula, kuma da shi ne mutum yake karatu, yake zura zare a allura, yake bambance fuska da fuska. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa ƙananan hanyoyin jinin wannan tantani wani shamaki, ta yadda ruwan jini ba ya tsatsafowa cikinsa sai gwargwadon buƙata, abin da ya tsatsafo kuma akwai ƙwayoyin halitta masu kwashe shi. Idan shamakin ya raunana, ruwa ya rinjayi masu kwashewa, sai ya taru tsakanin zaruruwan da ke kwance a karkace kewaye da cibiyar makula, waɗanda ake kira zaruruwan Henle, ya buɗe wa kansa 'yan aljifai, wurin ya yi kauri, gani ya lalace.

Wanda ya fara siffanta al'amarin shi ne Rodman Irvine, likitan ido a Kalifoniya ta Amurka, a shekarar 1953. A zamaninsa ana zare madubin ido ne ɗungum tare da jakarsa, saboda haka daskararren ruwan da ke cike da bayan ido yakan turo gaba har zaruruwansa su manne a bakin raunin fiɗa. Da Irvine ya ga irin waɗannan idanu ne ganinsu ke raguwa, sai ya ɗora alhaki a kan wannan ruwa da jan da yake yi. Bayan shekara 13, a 1966, Donald Gass da Edward Norton a birnin Miyami suka yi amfani da wata dabara da ba ta daɗe da fitowa ba, wato a zuba rinin fuloresin a jijiyar hannu a ɗauki hoton bayan ido yayin da rinin ke zagawa, suka ga da idanunsu yadda yake tsatsafowa daga ƙananan hanyoyin jinin da ke kewaye da cibiyar makula yana cika aljifan nan cikin siffar fure. Daga nan aka tabbatar cewa yoyo ne, amma ba a tabbatar da abin da ya kawo yoyon ba, kuma a nan ne saɓanin malamai ya faro.

Masu ra'ayin ja suna da hujja, domin har yau idon da jakar madubinsa ta yage lokacin aiki, ko daskararren ruwa ya maƙale a rauni, ya fi sauran shiga hatsari. Amma hujjarsu ta gaza a wuri guda: ana samun kumburin a idon da aka yi wa aiki lafiya lau, babu yagewa, babu mannewa, babu abin da ke jan komai. Amsar wannan ta fito ne daga wani fage dabam. A 1971 John Vane a Landan ya nuna cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera sinadaran furostagilandin, waɗanda nama ke fitarwa idan an ji masa rauni, su ne kuma ke buɗe hanyoyin jini su haddasa iltihabi, wato harzuƙar da nama ke yi bayan an taɓa shi. Sai Kensaku Miyake na Nagoya a Japan ya yi ƙiyasi cewa, in dai haka ne, to baƙin ido da aka tattaɓa lokacin fiɗa shi ne ke zubo waɗannan sinadarai, su ratsa zuwa baya su raunana shamakin makula. A 1977 ya ba da rahoton cewa ɗiga indometasin a ido yana rage aukuwar kumburin. Misalin abin kamar wuta ce aka hura a zaure, hayaƙi ya cika ƙuryar ɗaki: aikin a gaban ido aka yi shi, ɓarnar kuwa a bayansa ta sauka. Ra'ayin da ya rinjaya a yau shi ne iltihabi ne asali, ja kuwa mai ƙara masa ƙarfi ne, kuma wannan ne ya sa illar take jinkiri, tun da yake sai sinadaran sun daɗe suna aiki kafin ruwa ya taru har ya kai ga rage gani.

Da dabarun fiɗa suka inganta, tun daga madubin roba da Harold Ridley ya fara dasawa a asibitin St Thomas na Landan a 1949, zuwa injin narkar da yana da Charles Kelman ya fito da shi a 1967, sai aka koma barin jakar madubi a mazauninta, ta zama katanga tsakanin gaba da baya, illar ta ragu ƙwarai. Wani babban bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi diddigin idanu 81,984 a asibitocin Birtaniya, ya sami cewa a idon da ba shi da wata larura kuma aikin bai sami tangarɗa ba, kashi 1.17 cikin 100 ne suka kamu. A masu ciwon sukari kuwa kashi 4.04, kuma hatsarin yana hawa gwargwadon yadda sukarin ya riga ya ɓata tantanin gani. Haka nan binciken ya ƙidaya yagewar jakar madubi, da tsohon iltihabin cikin ido, da toshewar jijiyar jinin tantani, da yaɗuwar wata fatar tabo a kan makula, da aikin mayar da tantanin da ya taɓa ɓallewa, duk cikin abubuwan da ke ninka hatsari. Mai karatu zai ce ɗaya cikin ɗari ba wani abu ba ne. To, amma aikin da ake yi wa miliyoyin mutane kowace shekara, ɗaya cikin ɗarinsa jama'a ce mai yawa, kuma ga wanda abin ya sama babu ta'aziyya cikin lissafi.

Wajibi ne a nan a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Tun bayan 1991, shekarar da masana a birnin Boston da kewayensa suka bayyana na'urar OCT, wadda ke auna kaurin tantanin gani da haske ba tare da allura ba, likita yana iya ganin kumburin da mai idon kansa bai san da shi ba, kuma irin wannan ya ninka wanda ke rage gani sau da yawa. Na'urar ni'ima ce babu shakka, sai dai ta jawo wata fitina ga masu bincike, domin kauri ya fi gani sauƙin aunawa, har ta kai ana yabon magani saboda ya rage 'yan mikiron a hoto, alhali majinyaci bai ƙaru da ko layi ɗaya a allon gwaji ba. Mutum kuwa don ya gani ya zo asibiti.

A kan wannan rarrabewa ne mas'alar rigakafi ta rataya. Magungunan ɗigawa iri biyu ne: dangin sitiroyid, kamar deksametason da furedinisolon, masu tare iltihabi tun daga tushe, da dangin indometasin, kamar ketorolak da dikulofenak da nepafenak da buromfenak, masu tare ƙerar furostagilandin kaɗai. A 2015 kwamitin ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ya duba abin da aka rubuta, ya ce dangi na biyu suna gaggauta dawowar gani a makonnin farko, amma babu hujja mai ƙarfi cewa suna canza sakamako bayan wata 3. Sa'an nan a 2018 ƙungiyar likitocin yanar ido ta Turai ta fitar da sakamakon gwajin PREMED, wanda aka jagoranta daga Maastricht ta ƙasar Holan, a kan mutum 914 marasa ciwon sukari: waɗanda aka ba deksametason kaɗai, kashi 5.1 suka sami kumburi mai taɓa gani. Masu buromfenak kaɗai, kashi 3.6, waɗanda aka haɗa musu biyun, kashi 1.5. A ɓangaren masu sukari kuma, allurar tirayamsinolon a ƙarƙashin fatar farin ido ta rage kumburi, amma ta ɗaga ƙarfin ruwan ido ga wasu.

A ganina waɗannan maganganu biyu ba su ci karo da juna ba, kowacce ta amsa tambaya ce dabam. Galibin wannan kumburi yakan baje da kansa cikin watanni, shi ya sa idan aka auna a ƙarshe sai a ga wanda ya yi rigakafi da wanda bai yi ba sun kusa daidaita. Amma watannin da mutum ya yi yana gani dishi-dishi su ma hasara ce, kuma 'yan kaɗan da nasu ya zarce wata 6 suna iya rasa wani abu na gani har abada, saboda ƙwayoyin karɓar haske ba sa jure doguwar jiƙa. Don haka inda hali ya samu, haɗa magungunan biyu shi ne mafi rinjayen hujja. Inda kuwa kuɗin kwalba ta biyu zai hana majinyaci sayen ta farko, to a fifita masu sukari, da waɗanda jakar madubinsu ta yage, da masu tsohon iltihabi, da wanda idonsa na farko ya taɓa kumbura, domin a kansu ne fa'idar ta fi tabbata. Kada kuma a manta kowane magani da nasa sharri: sitiroyid yana ɗaga ƙarfin ruwan ido ga wasu mutane ba tare da sun ji komai ba, dangin indometasin kuwa, nadiran, suna cinye garai-garan tantanin gaban ido, musamman ga mai bushewar ido.

Wannan magana ta shafi ƙasarmu kai tsaye. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta, gilakoma na bi mata, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu ture ta da tsinke irin na gargajiya ne suka taɓa su, abin da ya fi yawa a Arewa. Asibitoci irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano suna da inda majinyaci zai koma, amma aiki mai yawa ana yin sa ne a gangamin 'yan kwanaki, a yi wa ɗaruruwa, a duba su kashegari, a naɗe kaya a tafi, ba don sakaci ba, sai don ƙarancin likitoci da nisan garuruwa. Illar da ke zuwa a mako na 6 ba za ta taɓa shiga littafin irin wannan gangami ba. Mai idon kuwa, da ya ga ganinsa ya koma baya, ba zai ce makula ta kumbura ba, cewa zai yi aikin asibiti bai karɓe shi ba, maƙwabcinsa mai yana ya ji, ya nufi mai tsinke; ko kuma ya je kantin magani ya yi ta sayen sitiroyid yana ɗigawa wata da watanni babu mai auna masa ƙarfin ruwan ido, a cikin al'ummar da gilakoma ta riga ta yi wa katutu.

Idan kumburin ya riga ya auku, tartibin magani sananne ne. Ana farawa da haɗa ɗigon nan biyu na tsawon makonni, ba a yanke su farat ɗaya, domin yakan dawo. In bai ji ba, sai a koma ga allurar sitiroyid a gefen ƙwayar ido, sa'an nan a cikinta, ko a dasa 'yar ƙwayar deksametason mai narkewa a hankali. Wasu sukan gwada ƙwayar asetazolamaid, wadda ke taimakon kwashe ruwa, wasu kuma allurar bebasizumab da danginta, ko da yake hujjarsu a nan ba ta kai wadda suke da ita a kumburin sukari ba. Kafin duk wannan, lalle ne likita ya sake duba gaban ido da kyau, domin idan zaren daskararren ruwa ya maƙale a rauni, ko ɓarɓashin yana ya saura, ko madubin roba ya goce yana gugar baƙin ido, to sababin yana nan daram, kuma ɗigo ba zai warkar ba sai an tsinke zaren da hasken leza ko an koma ɗakin tiyata. A irin wannan ido kam maganar Irvine ta 1953 ba ta faɗi ba.

Sharaɗin dukan waɗannan matakai shi ne a ga majinyacin a lokacin da ya dace. Ba kowane gari ke da na'urar OCT ba, amma allon gwajin gani da ma'aunin ƙarfin ruwan ido da ma'aikacin jinya da aka horar sun isa su tace wanda ganinsa ya ragu tsakanin mako na 4 da na 6, a tura shi inda na'urar take, a kuma rubuta sakamakon wannan rana a matsayin sakamakon aikin. Duk ƙungiyar da ta tanadi kuɗin gangami, ya kamata ta lissafa kuɗin wannan komawa ta biyu a cikin kasafinta tun kafin a yanka ido na farko, kuma a gaya wa majinyaci da ɗan rakiyarsa ranar da baki, a rubuta musu ita a katinsu.